Kwalba Ba Ta Tsayawa a Iska

Yaya yana da shagon kayan tangaran a bakin babban titi: kofuna, farantai, butocin shayi, da irin kwanukan gilashin nan da ake saye a jera a kabad a hana kowa taɓawa. 'Ya'yansa manya duk sun kama gabansu, gwiwoyinsa kuma sun fara yi masa gardama in zai hau tsani. Auta ce kaɗai ta rage a gida, kuma tun tana ƙaramar sakandare ya ware mata kujera a bayan kantar shagon, har da ɗan matashin zama. Ni kuwa ina koyar da kemistiri a makarantar da take, na ga kan yarinyar yana ja. Muka yi ta ja-in-ja da shi har ya gaji.

"To, Malama, na ji," in ji shi. In Yaya ya kira ni Malama, ba girmamawa ba ce. "Ta zauna jarrabawar fita sau ɗaya. In ta ci, ta tafi karatun haɗa magungunan da kike ta hura mata a kunne. In ta faɗi, ga kujera nan. Kada wanda ya zo mini da maganar baɗi."

Na ce na yarda. Yaya mutum ne da in ya ajiye magana, shi kansa ba ya iya ɗaga ta.

Jarrabawar kemistiri kashi biyu ce. Akwai ta rubutu, wadda Auta za ta ci ko da zazzaɓi take yi. Akwai kuma ta gwaji da hannu, inda ake ba kowane ɗalibi kwalbarsa da dogon bututun awo, ya riƙa ɗiga asid cikin wani ruwan yana kaɗawa har launi ya juya, ya karanta awon, ya wanke kwalbar ya sake, ya kuma sakewa har awon ya daidaita. Wanda ya faɗi wannan, rubutunsa ba ya cetonsa.

A shekarar su Auta ta ƙarshe aka kawo mana tabarau. Wani kamfani ne ya zaɓi makarantarmu, ya turo kwalaye tare da wani mutum mai tsabtar takalmi, wanda yara suka raɗa wa suna Mai Tabarau tun kafin ya gama gaisawa. In ka sa tabarau ɗin, ajin yana nan yadda ka bar shi, da tebur, da allo, da tsagar bangon nan da muka gaji da kai ƙara a kanta. Amma a kan teburin sai ka ga kwalabe sun jeru, ga ɗan murhun gwaji yana ci da shuɗiyar wuta. Akwai kuma safar hannu mai 'yan wayoyi. In ka kai hannu ka kama kwalba, sai safar ta ɗan matse maka yatsu, ka ji kamar ka riƙe wani abu. Alhali babu komai a wurin. Wanda ya leƙo ta taga sai ya ga 'ya'yan mutane, masu hankalinsu, suna ta damƙar iska fuska a ɗaure.

Mai Tabarau ya tara mu a ɗakin malamai ya yi mana bayani. "Ba ƙwaƙwalwa kaɗai ke koyo ba," ya ce. "Jiki ma yana koyo. Abin da kai ya haddace yana iya zubewa bayan jarrabawa, amma abin da hannu ya saba da shi, ya zauna ke nan." Malamin lissafi ya yi hamma. Ni na so in yi masa musu, don ba na son mutumin da ke magana yana murmushi, amma ban sami inda zan kama shi ba. Har yau ban samu ba. Mutumin nan gaskiya ya faɗa mana.

Firinsifal ya fi kowa murna. A ranar ya sa aka kwashe kwalabenmu na gaske, waɗanda dama ba su da yawa, aka jera su a kabad, ya kulle, ya jefa makullin a aljihun gaba. Ya ce kada a ƙara taɓa su sai jarrabawa ta zo, tunda ga waɗanda ba sa fashewa Allah ya kawo.

In faɗi gaskiya, abin ya yi aiki. Na yi shekaru ina zana 'yan ƙwallaye a allo, ina cewa haka ƙwayoyin iska ke gudu in an ɗumama su, yara suna kallona kamar ina ba su labarin dangin mijina. Da tabarau kuwa, sai su tsaya a tsakiyar ƙwayoyin, su matse akwatin da ke riƙe da ƙwayoyin da tafin hannu biyu, su ji yana ture su. Wani da ke zama a baya, wanda ban taɓa ganin idonsa a buɗe ba, ya miƙe ya ce, "Malama, ashe shi ya sa taya ke fashewa da rana tsaka!" Ranar na koma gida ina jin kaina kamar ni na ƙera na'urar. Auta kuwa ta fi kowa nisa a ciki. In an fita hutu ita tana nan, in an tashi sai mai gadi ya zo ya kore ta da kaɗa makullai.

Abu ɗaya ne na tambaya tun farko. In ɗalibi ya gama kaɗa kwalba launi ya juya, sai ya ɗaga ta daidai idonsa ya buɗe hannu. Kwalbar ta tsaya cak a iska, lamba ta fito a gefenta, da 'yar koriyar alama in ya yi daidai.

"Me ya sa ba ta faɗuwa?" na ce da Mai Tabarau.

"Don kada yaro ya ɓata lokaci wajen neman inda zai ajiye, Malama. So muke hankalinsa ya tsaya a kan kimiyya."

Na ce to. Faɗuwar abu ƙasa ma kimiyya ce, amma ta malamin fiziks ce, ba tawa ba.

Jarrabawa ta matso lokacin da na je gidan Yaya wata Asabar da la'asar. Auta ta kawo mana shayi, ta zauna a kan hannun kujera tana yi mini bayanin wani lissafi da ta gano, kofi a hannunta. Ta kurɓi na ƙarshe, ta ɗaga kofin daidai idonta, ta buɗe hannu. Kofin ya yi abin da kofuna suka saba yi. Ba ƙarar ce ta tsaya mini a rai ba, fuskarta ce. Ko firgita ba ta yi ba. Mamaki ta yi, tana kallon wurin da ta bar shi.

"Ba yau farau ba," in ji matar Yaya. "Jiya kwalbar man shafawa ce. Shekaranjiya ƙwai. Gwaggonsu, ko asibiti za mu kai ta? Kada dai jijiya ce."

Yaya ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauki gutsuren da ke da mariƙi, ya juya shi a hannu. "Cikin masu bakin zinaren nan ne," ya ce. "Ba a kawo irinsu yanzu."

Ran Litinin na rufe ƙofar aji na ce duk wanda ya fasa wani abu a gida kwanan nan ya ɗaga hannu. Suka kalli juna. Sannan hannuwa suka fara tashi a hankali, daga gaba zuwa baya. Wani ya saki wayar mahaifiyarsa. Wata ta saki fitila. Wata kuma ta ce kwalbar madarar jaririn yayarta ce.

"Jaririn fa?" na ce.

"A'a, Malama, shi na ajiye shi."

Na wuce ofishin Firinsifal na ce ya ba ni makulli. Ya dafe aljihu, ya ce ai yaran sun ƙware, ya ga sakamakonsu a kwamfuta duk kore ne. Na ce ranka ya daɗe, zo ka gani da idonka. Ya zo, makulli a hannu, ya tsaya daga bakin ƙofa kamar mai rakiyar mara lafiya. Na rarraba kwalaben. Na yi musu gargaɗi da babbar murya cewa waɗannan na gaske ne, suna da nauyi, kuma ƙasa tana jiransu. Suka ce sun ji. Suka fara aiki da kyau, hannu ba rawa, ɗigo bayan ɗigo, har na fara tunanin ko na tayar da hankalin mutum a banza. Sai launi ya juya a layin gaba. Suka ɗaga kusan tare, suka buɗe hannu kusan tare. Ƙarar ta yi kamar an kifar da akwatin lemo a kan siminti. Layin baya, da suka ji, suka waiwayo su ga abin da ya faru, wasunsu suka saki nasu don su gani da kyau.

Firinsifal ya juyo ya dube ni. "Malama," ya ce, "wannan ma cikin darasin yake?"

Ya tattara abin da ya tsira ya mayar kabad. Da muka duba, sai da muka haɗa da aro daga wata makaranta kafin kowa ya sami kwalba guda ranar jarrabawa. Ta canji babu. Wanda tasa ta fashe, tasa ta ƙare.

Na kira Mai Tabarau. Ya zo da sauri, ya saurare ni, idonsa na ƙyalli. Ya ce bai taɓa ganin hujja mai ƙarfi irin wannan ba cewa hanyar tasu tana shiga jiki. Ya ce zai gaya wa masu tsara na'urar su sa kwalabe su riƙa faɗuwa, kuma in Allah ya yarda gyaran zai iso baɗi. Na dube shi, na dubi takalminsa, na ce ya gaida gida. A ranar na tattara tabarau da safuna na mayar cikin kwalayensu.

Daga nan na nufi shagon Yaya, na ce ya ba ni kofunan da suka guntule waɗanda ba sa sayuwa. Yana da kwali guda a ƙarƙashin kanta, don shi ba ya iya zubar da tangaran ko da ya mutu. Ya turo mini kwalin da ƙafa.

"Me za ki yi da su?"

"Zan koya wa yara ajiye abu."

"Ajin ƙarshe?"

"Ajin ƙarshe."

"Lallai boko ya ci gaba," in ji shi.

Haka muka shiga. Kowace safiya in cika kofuna da ruwa in tsaya a gaba ina kira: ɗauka, kaɗa, duba, ajiye. Samari masu gemu-gemu da 'yan mata da suka fi ni tsawo suna ɗora kofi a kan tebur, ni kuma ina cewa madalla. Malamin lissafi ya leƙo ya tambaya ko mako mai zuwa za mu shiga darasin tafiya da ƙafa biyu. Ban kula shi ba. Kwalin ya yi ta raguwa, mai shara ta daina gaishe ni, amma yaran suka fara warkewa. Waɗanda dama ba su damu da tabarau ba su suka fara, na bayan nan mai barci ma ko kofi ɗaya bai fasa ba. A hankali sauran suka bi.

Auta ce ta ƙi. In hankalinta yana kan hannunta, sai ta ajiye kofi lafiya lau, har da ɗan gyara masa zama. Amma da zarar na jefa mata tambaya, na ce to in awon ya kai kaza, mene ne ƙarfin asid ɗin, sai idonta ya tafi can nesa, leɓenta ya fara motsi, ta ba ni amsa daidai, kofin kuma ya tafi ƙasa. Iya kyan tunaninta, iya saurin sakinta. Ita ta fi kowa zama da na'urar, ita ta fi kowa koyo. Wata rana bayan an tashi, muna tsince gutsattsari mu biyu, sai ta tsaya. A makaranta Malama take kirana, amma ranar ba ta yi ba.

"Gwaggo, ban san lokacin da nake saki ba. Wallahi ban sani ba. Sai dai in ji ƙara."

Na ce zai wuce. Amma tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba tun ina ɗaliba. Ni na ja yarinyar nan zuwa nan, ni na yi wa ubanta alkawari da bakina, ga shi kanta ya iya komai, hannunta ne ya ƙi bin mu.

Na gwada ɗaura mata zare daga wuyan hannu zuwa mariƙin kofi, sai na tuna babu mai sa ido a jarrabawa da zai yarda da ɗaliba ɗaure da kwalba. Daga ƙarshe na ce kada ta ɗaga kwata-kwata. Ta kaɗa a ƙasa-ƙasa, ta duba launin a kan farin tayil ɗin da ake sa wa a ƙarƙashi, in ma ta saki, ba nisa. Wannan ya karɓe ta. Kwanakin ƙarshe ba ta fasa komai ba, matar Yaya ma ta ce an dawo ba ta kofin gilashi a gida.

Ranar jarrabawa na haɗa ruwan gwajin tun da safe, na jera wa kowa kayansa, sannan doka ta ce in fita. Mai sa idon wata dattijuwa ce da aka turo daga waje, mai tabarau na gaske rataye da sarƙa a wuya. Na tsaya a baranda inda nake hango teburin Auta ta taga. Firinsifal ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ce iska ya fito sha.

Ta fara. Hannun hagu a kan makunnin bututu, na dama yana kaɗa kwalba a ƙasa-ƙasa, yadda muka yi. Ban taɓa ganin ɗalibi mai natsuwar hannu irin wannan ba, ni kaina ban kai ta ba. Ta rage gudun asid ɗin ya koma ɗigo. Ta ƙara ragewa. Ɗigo ɗaya ya tsaya a bakin bututun yana lilo, ya faɗa, ruwan ya juya gaba ɗaya lokaci guda, daidai inda ake so, ba ƙari ba ragi. Irin wanda malami ke samu sau ɗaya a shekara ya yi ta ba da labari. Na ga fuskarta ta washe. Ta manta da ni, ta manta da tayil, ta ɗaga kwalbar zuwa hasken taga don ta ga kyan launin.

Na buɗe baki. Doka ta hana, kuma ko ba doka na riga na makara.

Kwalbar ta daki gefen tebur ta tarwatse, ruwan ya malale a kan takardar amsarta. Sauran yaran suka ƙanƙame nasu da hannu biyu. Ita kuwa tana tsaye, yatsu a buɗe, tana kallon iska daidai idonta, tana jiran koriyar alama.

Dattijuwar ta leƙo ta tambaya ko akwai ta canji. Firinsifal ya shafa aljihunsa, ya ciro makulli, ya kalle shi, ya mayar. Kabad ɗin babu komai ciki sai ƙura. Babu kuma wanda ya gama da wuri balle a ara mata tasa, don kowa a ranar a hankali yake ajiye kwalba kamar mai kwantar da jariri. Auta ta nemi tsintsiya ta share wurinta tsaf, ta rubuta awo ɗayan da ta samu a busasshen gefen takardar, ta zauna ta sa hannuwa a cinya har aka kaɗa ƙararrawa. Ba sai mun jira sakamako ba.

A ƙasa muka taka zuwa shago, ni da Auta. Mun tarar Yaya yana naɗe wa wata mata farantai a tsohuwar jarida. Muka jira ta tafi.

"Yaya, kwalbar ta faɗi," na ce.

"Faɗuwa ta yi, ko sakinta aka yi?"

"Sakinta aka yi."

Ya gyaɗa kai. Kafin in fara jawabin da na shirya a hanya, Auta ta ajiye jakarta, ta zagaya bayan kanta, ta zauna a kujerar. Ta gyara zama, ta ɗora hannu a kan kantar.

"Baba, na zo," ta ce.

Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Na juya ina kallon titi don kada su ga idona.

Yaya ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ɗaga kai ya bi kantocinsa da kallo, tun daga butocin shayi na sama har kwanukan gilashin da ke daidai gwiwar hannunta. Ya dawo ya kalli hannuwan nata.

"Tashi," ya ce. "A hankali. Kada ki taɓa komai." Ya juyo gare ni. "Ke Malama, kina da hankali kuwa? Wannan za ki kawo mini cikin tangaran? So kike in wayi gari ina sayar da tsakuwa? Ta koma ta sake zama. Sai hannun nan ya gyaru tukuna a yi maganar shago."

"Ai kai ka ce kada a zo maka da maganar baɗi."

"Wa ya yi maganar baɗi? Maganar kayana nake yi."

Bai kalli kowa cikinmu ba da yake faɗa. Ya jawo tsani, ya hau da gwiwoyin nan nasa yana nishi, ya sauko da kofi sabo fil daga kantar sama, cikin waɗanda ko mai saye ba ya bari ya taɓa sai ya ga da gaske yake. Ya goge shi da bakin rigarsa, ya tsiyaya shayi daga filas ɗinsa, ya miƙa mata.

"Baba, zan fasa."

"Sha."

Ta karɓa da hannu biyu. A lokacin ne kukan ya zo, tana sha yana zuba. Yaya ya juyo gare ni ya shiga ba ni labarin direban da ke kawo masa kaya, wanda ba ya rage gudu a kan ramukan titi ko an roƙe shi da Allah. Na ce ai direbobin yanzu sai haƙuri. Muka yi ta maganar direba, shi fuskarsa a wajena, tafin hannunsa kuwa a buɗe ƙarƙashin kofin, bai janye ba har ta shanye.